KAFIN A SHIGA DA KAI ƊAKIN TIYATA: FAƊA WA LIKITA ABIN DA KAKE SHA

'Yan uwa na Batsari, Ruma, Wagini, Safana, Runka da duk inda saƙon nan ya isa, Allah ya ƙara mana lafiya.

Darasin yau na wanda likita ya sa wa ranar aiki ne, ko na ƙaba, ko gwaiwa, ko yanar ido, ko mai ciki da aka ce sai an yi mata aiki, da wanda aka tura awon jini. Mu fara kawar da shubuha: zuwa tiyata ba raunin tawakkali ba ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke mashi jijiya ya yi mashi lalas. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, malamin tiyata ne Musulmi, Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da littafinsa At-Tasrif.

To ga inda matsalar take. Likita ya tambaye ka, "Kana shan wani magani?" sai ka ce a'a, alhali kullum kana shan man habbatus sauda da zuma, kana haɗiyar tafarnuwa, ga jiƙon sassaƙe a randa. Wani kunya yake ji, wani tsoron faɗan nas yake, wani kuma a ganinsa ƙwaya da allura kaɗai ake kira magani. Ni sana'ata ce, ina gaya maku: duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin da zai yi karo da maganin asibiti.

Tafarnuwa, citta da kurkum, in ana shan su da yawa a matsayin magani, suna iya sa jini ya yi jinkirin daskarewa. A gida wannan ba ya nuna kansa, amma in an yanka fata sai jini ya ƙi tsayawa da wuri. Habbatus sauda tana sauke suga da hawan jini, zoɓo ma yana sauke hawan jini. Allurar barci ita ma tana sauke shi. In suka haɗu likita bai sani ba, jinin na iya faɗuwa ƙasa ana tsakiyar aiki. Shi ya sa likitocin allurar barci ke son a ajiye irin waɗannan kamar mako biyu kafin ranar. Ɗan abin da ke cikin miya ba shi ake nufi ba. Haka ƙaho: kada ka yi hijama ana gab da aiki, jininka ake tattali.

Abin da ya fi sauƙi, ka zuba duk abin da kake sha a leda, na Musulunci da na gargajiya da na kemis, ka ajiye a gaban likita. Mai shan asfirin ya faɗa. Mai taba, mai goro da yawa, har yaron da ya saba da tiramol, ya faɗa a asirce, don adadin allurar da za a yi mashi ya danganta da haka. Amma maganin hawan jini da na suga na asibiti kada ka yanke da kanka. Tambayi wanne za ka sha da safen, wanne za ka bari.

Sai maganar hana ci. Za a ce maka daga ƙarfe kaza na dare kada ka ci komai, galibi awa 6 zuwa 8 kafin aiki. Dalili shi ne in mutum ya yi barcin allura, abin da ke cikinsa na iya tasowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Koko, fura, kunu, shayi da madara duk abinci ne. Iyayenmu mata, ku ji da kyau: tausayin "bari ya ɗan kurɓa kada yunwa ta kashe shi" shi ke sa a ɗage aiki, in kuma aka ɓoye ya jawo abin da ya fi haka. Rubutun sha da zamzam ma a sha su tun kafin lokacin hanin ya shiga. Da safe a wadatu da tofi da shafawa. In an riga an ba shi wani abu, a faɗa. Gara a ɗage.

Awo ma yana da ƙa'ida. Awon suga na safe ana yin sa bayan awa 8 ba ci, ruwa zalla ba laifi, amma cokalin zuma ɗaya ya ɓata sakamakon. Fitsari a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da suka bayar. Kada a sha kafso kafin awon da ake neman ƙwayar cuta, yana ɓoye ta. Ɗibar ɗan jinin awo ba ya karya azumi.

Jini fa? Kada a bari sai an ce "a kawo leda biyu" sannan a fara buga waya. Tun ana saura mako a nemi mutum biyu ko ukku masu lafiya, daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 zuwa sama, a san rukunin jininsu. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi. Za a auna shi don ƙanjamau da ciwon hanta, wani za a ce nasa bai yi ba, shi ya sa ba a dogara da mutum ɗaya. Kuma mun san halin hanyoyinmu na gefen dajin Rugu: ba a tafiyar dare. In daga Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-ma aka tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ku tafi da rana ku kwana can, da masu ba da jinin, da takardar turawa da duk tsofaffin sakamakon awo. Maigida mai tafiya ci-rani ya bar iyali da ciki, ka wakilta wanda zai tsaya a kansu tun kafin ka tafi, kada a tsaya neman ka a waya jini na zuba.

Majinyaci ɗaya mai natsuwa ya isa, da tabarma, buta, gidan sauro da fitila. A cire zobe, ɗan kunne, haƙorin roba da jan farce, a guji baƙin lalle a yatsu, don a yatsa ake maƙala na'urar da ke duba iskar jini.

Salla ba ta faɗuwa a gadon asibiti. Ka sa ɗan dutse mai tsarki a jaka don taimama. Ka yi a zaune, in ba hali a kwance da nuni. A Risala an yi sauƙi ga maras lafiyan da ke tsoron gushewar hankali ya haɗa Azahar da La'asar a farkon lokaci, haka Magariba da Isha. Allurar barci tana warware alwala. Sallar da ta wuce kana ciki, mafi aminci ka rama. Inda bandeji yake, shafa ake yi a kai, kada a jiƙa.

Kuma ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, da gonar da ke jingina, ka ba amintacce. Sunna ce ko lafiyarka lau, ba kiran mutuwa ba ne.

Bayan aiki kada a shafa zuma, man zaitun ko garin magani a kan ɗinki, kada a koma jiƙo, sai likita ya ba da izini. Zafin jiki, kumburi ko ruwa mai wari daga wurin, a koma asibiti a ranar.

A tura wa wanda ke da maras lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.