Raunin Ƙwaƙwalwa: Yadda Ake Ɗaukar Ciwo a Matsayin Mugun Hali, da Abin Yi

Ranar da aka sallamo wanda ya bugu a ka daga asibiti, dangi kan ɗauka wahala ta ƙare. Ɗinki ya kame, karaya ta haɗe, yana tafiya da ƙafafunsa, yana amsa gaisuwa. 'Yan dubiya su yi sintiri na mako biyu ko uku, daga nan ƙafa ta ɗauke. Bayan 'yan watanni sai magana ta sauya: "Tun da ya yi hatsarin nan ya zama wani iri." "Lafiyarsa ƙalau, son jiki ne." "Wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne." Daga irin waɗannan kalamai wariya da sakaci suke somawa, kuma sau da yawa a bakin masu ƙaunarsa ake fara jin su.

Me ya sa hali ke canzawa?

Ƙwaƙwalwa na samun rauni ta hanyoyi da dama: hatsarin babur ko mota, faɗowa daga gini, duka a ka, shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya haura kai, ko daɗewa babu numfashi kamar wanda ya nitse a ruwa. Wurin da ya fi shan bugu a hatsari shi ne sashen gaba, bayan goshi. Wannan sashe shi ne madugun ayari: shi ke tsara abin da za a yi da farko da na biyu, shi ke tsayar da baki kafin maganar da ba ta dace ba ta fita, shi ke danne fushi. Idan ya raunana, ƙarfi da magana da ilimi suna nan, amma babu mai jan ragamarsu.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani ƙarfe ya ratsa gaban kan Phineas Gage, shugaban leburori a aikin titin jirgin ƙasa. Ya rayu, ya yi tafiya, ya yi magana, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa halinsa ya sauya har kamfanin ya ƙi mayar da shi bakin aikinsa.

A gida ga yadda abin yake. A aiki mai raunin sayen gishiri da man gyaɗa da sabulu, ya dawo da sabulu kaɗai, bai san inda canji ya shiga ba, kuma ya rantse ba a ce masa komai ba sai sabulu. Ba ƙarya yake yi ba, saƙon ne bai zauna ba. A gidan suna, da hayaniya ta yi yawa sai ya daka wa surukinsa tsawa a gaban jama'a. Kafin azahar ya gaji liƙis kamar wanda ya wuni a gona. Abin da ya fi rikita mutane shi ne raunin kan hana shi ganin raunin. Likita ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, ya tsara magana daram na minti goma, a rubuta cewa ya warke. Matarsa da ke tsaye a gefe ita ta san jiya ya bar risho a kunne ya fita.

Inda wariya ke shigowa

A gida, akan daina shawara da shi, a riƙa maganarsa a gabansa tamkar ba ya nan. Wani a sayar masa da babur ko gona ba da saninsa ba. Idan mace ce, a ce ta je gida ta ji sauƙi, tafiyar ke nan. A wurin aiki a sallame shi da sunan rashin ɗa'a. A titi kuwa, mai maganar da ke sarƙewa da tafiyar tangaɗi akan ɗauke shi ɗan ƙwaya, ya sha duka ko ya kwana a caji ofis.

Tsarin lafiya ma yana da nasa giɓin. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna yin tiyatar ƙwaƙwalwa, amma masu aikin da ke biyo baya, wato likitocin gashi, masu koyar da magana da masu horar da mutum kan hidimar yau da kullum, sun yi ƙaranci kuma sun taru a manyan birane. Mutum ya koma ƙauye da ledar magani, sauran aiki ya faɗa kan uwa ko mata da ba a koya mata komai ba. Idan hali ya gagari gida, sai a nufi gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma a Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa a sassan Najeriya. Sarƙa da bulala ba sa gyara sashen da ya lalace. Fushi da firgici suke ƙarawa.

Abin yi

Na farko, a sa wa ciwon suna. A koma asibitin da aka yi jinya a nemi rahoton likita a rubuce, wanda ya bayyana irin raunin da yadda ya shafi tunani da hali. A adana shi tare da hoton kai da katin asibiti. A Birtaniya ƙungiyar Headway tana ba masu wannan rauni katin shaida da suke nuna wa 'yan sanda da masu shaguna. Iyali na iya yin irinsa: ƙaramin kati mai ɗauke da sunansa, lalurarsa da lambar wayar ɗan uwa, a manne shi da leda a sa masa a aljihu.

Na biyu, kada a bar shi ya shiga wurin likita ko jami'i shi kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai jinya ya riƙe littafi ya riƙa rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru: ya manta magani, ya ɓata a hanyar masallaci, ya ƙware da ruwa. Idan majinyaci ya ce zai iya haɗa shayi ko lissafin kuɗi, a roƙi mai duba shi ya sa shi ya yi a gani.

Na uku, a gyara gida. A tsayar da lokacin tashi, na abinci, na magani da na hutun rana. A ba shi saƙo ɗaya a lokaci guda, a rubuta ko a ɗauka a waya. Idan fushi ya taso a rage murya, a rage mutane, a bar gardama sai ya huce. A bar masa aikin da zai iya, ko da ba dabbobi ruwa ne, a kuma ci gaba da tambayarsa ra'ayi kan kuɗinsa da 'ya'yansa. Mai riƙe masa dukiya amana yake riƙewa, ya rubuta shige da fice a gaban shaidu.

Wanda yake kwance kuma a riƙa juya shi kusan kowace awa biyu, a duba ƙugu da diddige da ƙasan baya. Jan tabo ko duhun fata da bai gushe ba farkon gyambon kwanciya ne. A zaunar da shi a miƙe kafin a ba shi abinci. Idan yana tari ko muryarsa na gurgura bayan ya sha ruwa, a gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana jawo ciwon huhu. Idan farfaɗiya ta kama shi, a kawar da wuta da ƙarfe, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Jijjigar da ta wuce minti 5, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ko sabon rauni a hannu ko ƙafa, duk na gaggawar asibiti ne. Addu'a a ci gaba da ita, amma kada a ajiye maganin likita dominta.

Na huɗu, a san doka. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin majinyaci daga wulaƙanci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana iya neman diyya ta hukumar NSITF bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010, idan wurin aikinsa na cikin tsarin. Kusan kowane babban asibiti yana da ofishin walwalar jama'a, a tambayi inda yake. Idan an ga ana dukan majinyaci, ana ɗaure shi ko ana cin dukiyarsa, a fara da mai unguwa da limami, in abin ya ci tura a kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko a nemi lauyan kyauta a Legal Aid Council.

Na ƙarshe, a kula da mai jinya. Yawancin sakacin da ake gani a gidaje ba na mugunta ba ne, na gajiya ne: mace ɗaya da wanki da ɗauka da rashin barci, ga kuma zagi daga wanda take yi wa hidima. Dangi su zauna su raba kwanaki da kuɗin magani a rubuce, kowa ya san ranarsa. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma yana iya ci gaba shekaru idan ana horo. Don haka a cikin makon nan a yi abu biyu: a nemo rahoton likita, a kuma kira taron dangi.