Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Malami Ma Ɗalibi Ne

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28

Gabatarwa

A shekarar 2013 ina koya wa 'yan aji biyu darasin ƙasashen Afirka. Na buɗe littafin shirin darasina, wanda na rubuta tun ina sabon malami, na kwafa a allo cewa Sudan ce ƙasa mafi girma a Afirka. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai an raba Sudan." Gaskiyarta kuwa. Tun watan Yuli na 2011 Sudan ta Kudu ta sami 'yancin kanta, Aljeriya ta zama mafi girma. Na ji labarin a rediyo kamar kowa, amma ban koma na gyara littafina ba. Shekara biyu ke nan ina ba yara tsohon zance, wasu har sun shiga jarrabawa da shi. Darasin da na koya a ranar shi nake so mu duba tare: takardar shaidar malanta mafarin karatu ce, malamin da ya daina koyo kuwa yaransa ne za su biya bashin.

1. Misalin Afolos

Afolos mutumin Iskandariya ne, masanin Littattafai, gwanin magana. Ya zo Afisa yana koyarwa da himma, amma saninsa ya tsaya a baftismar Yahaya. Da Bilkisu da Akila suka ji shi, sai suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Mu lura da abu uku. Na ɗaya, himmarsa ba ta cike giɓin da ke cikin saninsa ba. Na biyu, waɗanda suka gyara shi masu ɗinkin tanti ne, duk da haka bai ce sun yi masa kaɗan ba. Na uku, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba. Da ya karɓi gyara ya haye zuwa Akaya, ya zama babban taimako ga masu bi.

2. Zamani ba ya jiran malami

Duk wanda ya saba bi ta tashar Unguwa Uku ya san makanikan da ke bakin titin Zariya. A dā makanike da kunne yake gane ciwon mota. Yanzu motoci da yawa sai an jona musu na'ura kafin a san abin da ke damunsu. Wanda ya ƙi koyon na'urar yana zaune a inuwa, yaron da ya koya wa riƙe sifana yana karɓe masa aiki.

Haka aikinmu yake. Da aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙara karatu yana bakin aikinsa. Iyayenmu da takardar malanta mai daraja ta biyu suka yi aiki, daga baya aka mai da NCE mafi ƙanƙantar takardar koyarwa. A 1993 aka yi dokar kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ta soma yi wa malamai jarrabawar cancanta a 2017. Daga 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. To, yaya malamin da ke tsoron taɓa kwamfuta zai shirya yaro ya zauna a gabanta?

3. Hanyoyin ƙara sani

(a) Komawa makaranta. NTI tana da karatu daga nesa, ana haɗuwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi tana nan Kumbotso, ba nisa da mu, ga kuma sashen ilimi na Jami'ar Bayero.

(b) Taron bita. Wanda makaranta ta aika bita, amana ya ɗauka. Idan ya dawo, ya tara abokan aiki ya koya musu abin da ya samo. Kada takardar halarta da kuɗin mota su zama su ne ribar tafiyar.

(c) Shiga ajin juna. Wannan ba ya cin ko kwabo. Ka roƙi abokin aikinka ya zauna a bayan ajinka na minti arba'in, ya gaya maka inda yara suka ɓace maka. Tsohon malami ya san dabarar riƙe aji, don da tsohuwar zuma ake magani. Sabon malami kuma ya san sabon manhaja da kwamfuta. Kowa yana da abin ba ɗan'uwansa.

(d) Gyaran littafin darasi. Kowane dogon hutu a ɗauko shi, a gwada shi da manhajar da ake bi yanzu da tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, a soke abin da ya tsufa.

4. Ba malaman aji kaɗai ba

Ma'aji yana bukatar sanin ajiye lissafi a kwamfuta. Masu dafa abinci suna bukatar bita a kan tsabtar ruwa da ajiyar abinci, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Mai gadi da uwar ɗakin kwana su san taimakon gaggawa da abin yi idan gobara ta tashi. Ran yaro yana hannunsu kamar yadda karatunsa yake hannunmu.

5. Wahalar da ke ciki

Kada mu ɓoye gaskiya, abin da wuya. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga kuɗin makarantar 'ya'ya, ga littattafan yara jibge suna jiran maki. Shi ya sa nake roƙon hukumar makaranta da dattawan ikkilisiya su ware wani abu a kasafin kowace shekara domin karatun ma'aikata, ko da rance ne da za a riƙa cirewa kaɗan kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma ɗalibai, idan kun ga kuskure a allo ku faɗa cikin ladabi. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

Yarinyar nan na gode mata a gaban aji, na goge allon, da dare kuma na bi littafin shafi shafi da jan biro. Na sami wasu wurare huɗu da suke bukatar gyara. 'Yan'uwana ma'aikata, kafin mu dawo sabon zango kowa ya amsa wa kansa waɗannan:

1. Yaushe rabona da in koyi sabon abu a fannina?
2. Wane ne Akila ko Bilkisu da zan yarda ya gyara ni?
3. Wa zan ja gefe in taimaka masa ba tare da na kunyata shi ba?

Ubangiji ya ba mu zuciya mai karɓar koyarwa. Amin.