AWON TAURIN ƘASAR GONA DA RUWA

Manoma, sau da yawa mutum yakan zuba taki, ruwan sama kuma ya wadata, amma dawa ta ƙi tashi. Wani lokaci laifin na ƙasa ne, ta dunƙule. Ƙasa mai kyau kusan rabinta 'yan ƙofofi ne, inda iska da ruwa da saiwa ke bi. In ƙofofin nan suka toshe, gona ta kama hanyar zama faƙo. Ga yadda za ka auna taka.

Ka ɗebo hoge kamar girman ƙwan kaza, kada ya farfashe. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, sa'an nan ka ɗora shi a ƙaramin sikeli, ka rubuta nauyinsa.

Saura girmansa. Hoge ba shi da kusurwa balle a sa ma'auni, sai dai a tambayi ruwa. Wani masani na ƙasar Girka, Arkimidis, shi ya gano tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce, cewa abin da ya nutse yakan ture ruwa daidai girman jikinsa. To, amma hoge yana shan ruwa, ya narke. Saboda haka ka ɗaure shi da zare, ka tsoma shi cikin narkakken kyandir ko kakin zuma, ka fitar maza. Shafin ya zama marar kauri, amma kada ya bar kafa ko ɗaya.

Ka cika gwangwani da ruwa fal, ka ajiye shi cikin tasa. Ka nutsar da hogen a hankali. Ruwan da ya zuba a tasa, ka auna shi, ka fitar da nauyin tasar. Sai ka raba nauyin hoge da nauyin ruwan. Misali, hoge giram 65, ruwa giram 50, ya zama 1.3.

In laka ce ta wuce 1.5, ko jigawa ta wuce 1.8, saiwa ba za ta ratsa ba sai da ƙyar. Maganinsa takin dabbobi, da barin kara ya ruɓe a gona. Kada kuma ka shigar da shanu ko tarakta ƙasa tana jiƙe sharkaf.

Ka gwada wuri uku ko huɗu, gama hoge ɗaya ba ya shaidar gona duka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.