Darasin Lafiya: Sabo da Giya da Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi maganar da mashaya kan yi da alfahari: "Ni ba ta kama ni." A asibiti wannan magana alamar ciwo ce.

Mene ne sabo?

Giya tana rage kuzarin ƙwaƙwalwa. Idan aka dinga sha, ƙwaƙwalwa takan sauya aikinta don ta jure, sai kwalba ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma uku. Mayen ne ya ragu, amma ɓarnar da ake wa hanta da ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa.

Me bincike ya nuna?

A 1996, Dakta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya da na'urar PET. Sun ga wuraren da ke karɓar sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi, sun ragu. Shi ya sa abinci da hira da iyali kan daina faranta wa mashayi rai. A 2017, masana a Jami'ar Oksfod ta Ingila sun duba mutum 550 da aka bi shekara 30. Na'urar MRI ta nuna sashen ajiye tunani ya fi ƙanƙancewa a masu yawan sha. Abin farin ciki, ƙwaƙwalwa takan fara farfaɗowa cikin watanni idan aka daina.

Ina ruwanmu a Batsari da Safana?

Giya haramun ce a wurinmu, don haka mai sha yakan ɓoye har ciwo ya yi nisa. Kuma irin wannan sabo ne ke kama mai shan tiramol don aikin gona, da mai shan kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarinsa a 2018.

Shawarwari

1. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Karkarwa da farfaɗiya na iya tasowa har su kai ga rasa rai. A zo asibiti.
2. Wanda ya bar tiramol ko kodin, sabonsa ya sauka. Komawa adadin da zai iya tsayar da numfashi.
3. Mai juna biyu ta sani abin da ta sha yana isa ga jariri. Ta faɗa wa ungozoma ranar awo. Sirrinta a rufe yake.

Iyaye, a ja mai wannan lalura a jiki, a rako shi asibiti. Allah Ya ba mu lafiya, amin.