Rabi da Shida Bisa Sha Biyu: Yadda Ake Gano Kason Lissafi Masu Daraja Ɗaya

Ɗalibai da yawa sukan shiga makarantar sakandare suna ɗaukar cewa 6/12 ya fi 1/2, don kawai lambobinsa sun fi girma. Wannan ruɗani, in ba a magance shi tun daga firamare ba, yakan bi ɗalibi har cikin darussan kimiyya.

A ɗauki karan rake mai gaɓa 12 masu tsawo ɗaya. In an raba shi gida biyu, kowane gida zai sami gaɓa 6, don haka rabi, wato 1/2, daidai yake da 6/12. In an raba shi gida uku, sulusi zai zama 4/12, rubu'i kuwa 3/12. Raken bai ƙaru ba, bai ragu ba. Yawan gidajen da aka kasa shi ne ya canja.

Daga nan ƙa'idar ta fito. Lambar ƙasa tana nuna gida nawa aka kasa abu, lambar sama kuma gida nawa aka ɗauka. Muddin aka ninka su duka biyu da lamba ɗaya, darajar kason ba ta canjawa. Misali, 3/4 in an ninka sama da ƙasa sau 3 zai zama 9/12. Haka kuma rabawa: 18/24 in an raba sama da ƙasa da 6 zai koma 3/4.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne tarawa maimakon ninkawa. Yaro ya ƙara 1 a sama da 1 a ƙasa, ya ce 1/2 daidai yake da 2/3. Malami ya mai da shi ga raken: rabi gaɓa 6 ne, biyu bisa uku kuwa gaɓa 8. Gani ya kori ji. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a ninka lambar saman kowanne da lambar ƙasan ɗayan. Ga 3/4 da 9/12, 3 sau 12 ya ba da 36, 4 sau 9 ma 36, sun yi daidai ke nan.

Amfanin wannan ilmi ya wuce ajin firamare. Gregor Mendel, wanda ya gabatar da bincikensa kan gadon halitta a birnin Brno a shekarar 1865, ya ƙirga ƙwayoyin waken Turai 8,023, ya sami 6,022 rawaya, 2,001 kore. A wani gwajin kuma, cikin tsirrai 1,064 ya sami dogaye 787. A ido, lambobin ba su yi kama ba. Amma 6,022/8,023 ya kusa 6,000/8,000, wato 3/4, kuma 787 ya kusa 798, wanda shi ne uku bisa huɗun 1,064. Ganin kaso ɗaya yana maimaituwa a gwaje-gwaje dabam-dabam shi ya kai shi ga dokokin gadon halitta da ake koyarwa har yau.

Saboda haka yana da kyau malami ya fara da abin da yara za su taɓa, kamar rake ko takardar da aka naɗe gida-gida, kafin ya rubuta ƙa'ida a allo. Ga gwaji ga ɗalibai: a nemo kaso uku masu daraja ɗaya da 2/5, sannan a bayyana dalilin da ya sa 4/7 ba ya cikinsu.