Yadda Ake Zaɓen Hedifon Mai Sauƙin Kuɗi Don Jin Waƙa Da Buga Gem Ba Tare Da Amfilifaya Ba

Sau da yawa mutum zai tara kuɗinsa ya sayi hedifon mai suna, ya jona a waya, ya ƙure ƙara, amma sautin ya fito a shaƙe, ganga babu nauyi, murya can nesa. Sai ya ɗauka jabu aka sayar masa. Wani lokaci kayan na asali ne, sai dai an ƙera shi ne don a haɗa shi da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfin lantarki kafin ya isa kunne. Waya, kwamfutar cinya da hannun PlayStation ƙarfinsu kaɗan ne, kamar ƙaramin janareta ne da zai ɗauki fanka da fitilu amma ya durƙushe in an jona masa firiza. Don haka aikin mai saye shi ne ya nemo hedifon da na'urarsa za ta iya ɗaukar nauyinsa ita kaɗai. Ga matakan da za a bi.

Mataki na 1: Duba na'urar da za ka jona

Kafin ka je kasuwa, juya wayarka ka ga ko tana da ramin iyafis mai faɗin milimita 3.5. Tun da kamfanin Apple ya cire wannan rami daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyi da yawa sun bi sahu. Idan taka ba ta da shi, za ka buƙaci ɗan adafta da ke shiga ramin caji. Nemi wanda ke da na'urar sarrafa sauti a cikinsa, domin wasu wayoyin ba sa karɓar wanda igiya ce zalla. Hannun PlayStation 4 da na 5 duk suna da ramin, haka ma hannun Xbox na zamani. Kwamfutar tebur kuwa yawanci ramuka biyu gare ta, kore na sauti, ruwan hoda na makirufo, sai ka haɗa da igiya mai raba baki ɗaya zuwa biyu.

Mataki na 2: Karanta lambobi biyu a bayan kwali

Nan ne gundarin maganar, kuma nan ne mafi yawan masu saye ba sa dubawa.

Lamba ta farko ita ce om, ana rubuta ta da alamar Ω. Tana nuna irin turjiyar da hedifon ke yi wa lantarki. Daga om 16 zuwa 32, kowace waya za ta ɗauka cikin sauƙi. Daga nan zuwa wajen 60, yawancin wayoyi da kwamfutoci za su iya. Da ka ga 250 ko 300 ko 600, ajiye shi, na masu amfilifaya ne. Sennheiser HD 600, duk da sunan da ya yi a duniya, om 300 gare shi. A kula kuma, samfuri ɗaya yakan zo kala-kala: Beyerdynamic DT 770 Pro akwai mai om 32, akwai mai 80, akwai mai 250, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Lambar ce kawai za ta bambance maka su.

Lamba ta biyu ita ce ta yawan ƙarar da hedifon ke fitarwa daga ɗan lantarkin da aka ba shi. Za ka ga an rubuta dB/mW. Idan ta kai 98 zuwa 100 ko sama, ka samu. Kada ka raina ɗan bambanci a nan, domin duk raguwar dB 3 na nufin sai an ninka ƙarfin lantarki sau biyu kafin a sami ƙara iri ɗaya, raguwar 10 kuwa sau goma. Ƙarancin wannan lamba ne ya sa AKG K702, mai om 62 kacal, yake wahalar da ƙananan wayoyi. Wasu kamfanonin suna rubuta dB/V maimakon dB/mW, lambar sai ta fito da girma. A hedifon mai om 32, cire 15 daga lambar dB/V ka sami ta dB/mW.

Sauran rubuce-rubucen kwali, irin su 20Hz zuwa 20kHz da girman lasifikar ciki, kusan kowa na rubuta su, kuma ba sa gaya maka daɗin sauti.

Mataki na 3: Mai rufaffen baya ko mai buɗaɗɗe

Mai buɗaɗɗen baya yana da raga a waje, iska na shiga tana fita. Sautinsa ya fi faɗi, kana jin kowane kayan kiɗa a mazauninsa, kuma a gem irin su PUBG Mobile da Call of Duty za ka fi gane ta ina takun abokin gaba ke tahowa. Kunne ma ba ya saurin yin gumi a lokacin bazara. Aibinsa shi ne na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji hayaniyar waje. Idan ɗakinka shiru ne, duba Philips SHP9500, Samson SR850 ko Superlux HD681, dukkansu om 32 ne. Koss Porta Pro, wanda ake ƙerawa tun 1984, om 60 ne kuma waya na ɗaukarsa.

Mai rufaffen baya yana tare hayaniya kuma amon gangarsa ya fi nauyi. Shi ya dace da ɗakin kwanan ɗalibai, shagon gem, ko gidan da janareta ke ruri a bayan taga. A nan akwai Audio-Technica ATH-M20x mai om 47, da Sony MDR-7506 mai om 63, wanda gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti suka daɗe suna aiki da shi tun 1991.

Idan aljihu bai kai nan ba, iyafis mai shiga cikin kunne irin 7Hz Salnotes Zero ko Moondrop Chu ya fi babban hedifon mai arha kyawun sauti nesa ba kusa ba.

Mataki na 4: Don gem, ɗauki mai igiya

Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba za ka lura ba. A gem kuwa za ka ga harbi kafin ka ji ƙararsa, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa a kashe ka. PlayStation 5 ma ba ta karɓar hedifon Bluetooth na gama-gari kai tsaye. Mai igiya ba ya jinkiri, ba ya neman caji ranar da babu wuta, kuma a farashi ɗaya ya fi sauti mai kyau, tunda ba a kashe kuɗin a batir ba.

Kada fitilu masu walƙiya da rubutun 7.1 su ɗauke maka hankali. Galibin waɗannan lasifika biyu ne a ciki kamar kowane hedifon, manhaja ce ke kwaikwayon zagayen sautin. Windows na da irin wannan manhaja kyauta mai suna Windows Sonic, PlayStation 5 ma tana da tata, kuma suna aiki da kowane hedifon mai igiya.

Mataki na 5: Batun makirufo

Ƙirga baƙaƙen zobban da ke bakin igiyar. Biyu na nufin sauti ne kawai, uku na nufin har da makirufo. Idan hedifon da ka so ba shi da shi, ɗan makirufo mai maƙalewa a wuyan riga zai wadatar wajen magana da abokan wasa. Fifita wanda ake iya zare igiyarsa, kamar SHP9500, domin igiya ce ke fara mutuwa, kuma sauya ta ya fi sayen sabo sauƙi.

Mataki na 6: Gwada kafin ka biya

Ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kake ko a shagon unguwa, tafi da wayarka da waƙoƙin da kunnenka ya haddace. Ce wa mai shago, "Malam, don Allah ba ni in gwada a tawa wayar." Sa ƙara a rabi ko sama kaɗan. Idan sai ka ƙure kafin ka ji sosai, wayarka ba ta iya masa ba.

Saka waƙar Mamman Shata ka saurari kalangu: ya kamata ka ji lanƙwasar amonsa a fili lokacin da makaɗi ke matse tsarkiya, ba tare da ya danne muryar 'yan amshi ba. Saka Ɗanmaraya Jos ka ji ko tsirkiyar kuntigi na fita tas ko tana sukar kunne. Daga nan saka waƙar zamani mai nauyin ganga, ka kasa kunne ko wani abu na karkarwa a ciki. Rufe ido ka tabbatar muryar mawaƙi tana tsakiyar kanka, ba ta karkata gefe ɗaya ba. Murɗa igiyar a hankali daidai bakinta, in sauti ya yanke ko ya yi ƙaraf-ƙaraf, mayar masa. Bar shi a kanka na minti goma, musamman idan kana sa tabarau, domin wanda ya matse ka a shago zai sa ka ciwon kai a gida. Taɓa soson kunnen: mai yadi ya fi jure zafi, mai fatar roba yakan fara saɓulewa in gumi ya yi masa yawa. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas da abin da aka san samfurin da shi, jabu ne. Karɓi rasit, ku kuma yi magana a kan kwanakin da za a iya dawo da kaya.

Mataki na 7: Kula da shi, kula da kunnenka

Ajiye shi a jaka lokacin hunturu saboda ƙura, goge soson bayan ka yi gumi, kuma in za ka zare, kama bakin ƙarfen, kada ka fizgi igiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai dB 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma lokacin na raguwa sosai da zarar ƙarar ta haura haka. Tsaya a wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙarar waya, ka riƙa cirewa kana hutawa tsakanin wasa da wasa. Idan ka cire ka ji kunnenka na ƙugi, ƙarar ta yi yawa, rage ta tun daga ranar, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.