Motar Tsere A Hanyar Ƙaraye Da Rogo: Gudu Da Tsayawa

A shekarar 2005 kamfanin Bugatti ya fito da wata mota mai suna Veyron, wadda gudunta ya haura kilomita 400 a awa guda. Irin waɗannan motoci kan burge matasa ƙwarai. To amma a wurin masana kimiyya, ba a gudu ake auna nagartar mota ba, sai a tsayawa.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da ke tattare da abu mai motsi ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba. In an ninka gudu sau biyu, ƙarfin kan ninku sau huɗu. Aikin birki shi ne ya cinye wannan ƙarfi, ya mayar da shi zafi. Saboda haka motar gida mai gudun kilomita 50 a busasshiyar kwalta takan ci kimanin mita 14 bayan an taka birki. A kilomita 100 sai ta ci 56, a kilomita 200 kuwa fiye da 220. Ban da wannan, kafin ƙafar direba ta kai ga birki akan yi aƙalla daƙiƙa ɗaya, wadda a gudun kilomita 100 ta isa mota ta shafe mita 28.

Gaskiya ne birki da tayoyin motar tsere sukan rage wannan tazara, amma fa a lafiyayyar kwalta. Hanyoyin Ƙaraye da Rogo na manoma ne: ga shanu, ga amalanke, ga babura, ga 'yan makaranta. Inda yashi ya hau kwalta, ko aka sauka kan burji, taya ba ta samun abin kamawa. Ko na'urar ABS mai hana taya cijewa, wadda Mercedes-Benz ya fara sa wa motocinsa a 1978, takan iya tsawaita tazarar tsayawa a kan tsakuwa. Haka kuma cikin motar tsere dab yake da ƙasa, ramin da a-kori-kura za ta tsallake ita sai ya fasa mata tukunyar baƙin mai.

Shekaru ma suna da nasu hukunci. Roba kan bushe ko da zanen taya bai cinye ba. A haɗarin da wata Porsche Carrera GT ta yi a Amurka a 2013, inda ɗan wasan fim Paul Walker ya rasu, masu bincike sun ɗora laifi a kan gudu, sun kuma gano tayoyin da suka kai shekara tara. Lambobi huɗu da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ya kamata mai sayen tayar gwanjo ya duba su.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari. Yaron da ya faɗo titi mita 30 gaban direban da ya kiyaye wannan ƙa'ida na iya tsira. A gudun kilomita 100 kuwa, mota za ta cim masa birki bai ko fara aiki sosai ba. Da ma Hausawa sun ce, tafiya sannu-sannu kwana nesa.